Barnett Rosenberg: Masanin da ya fita binciken lantarki, ya dawo da maganin sankara

A asibitocin da ake kula da masu cutar daji a Nijeriya, daga Shika har Ibadan, akwai wani magani da da wuya mako ya wuce likita bai rubuta shi ba. Sunansa cisplatin. Yana zuwa ne a ƙaramar kwalba mai duhu, a zuƙe shi da sirinji a zuba cikin ledar ƙarin ruwa. Kashi 65 cikin 100 na nauyin sinadarin ƙarfe ne, wato filatinam, farin ƙarfen nan mai tsada da ake ƙera zobba da shi, ake kuma sakawa a salansar mota don tace hayaƙi. Mutumin da ya gano cewa wannan ƙarfe zai iya kashe sankara bai taɓa zama likita ba, kuma ranar da ya fara gwajin da ya kai shi ga haka, cutar daji ko kusa ba ta cikin lissafinsa.

An haifi Barnett Rosenberg a birnin New York na Amurka ranar 16 ga Nuwamba, 1926. Yana ɗan shekara uku tattalin arziƙin ƙasar ya karye, don haka ƙuruciyarsa ta faɗo cikin shekarun da miliyoyin magidanta suka rasa aikin yi. Ya yi digirinsa na farko a Kwalejin Brooklyn, ya kammala a 1948. Wannan kwaleji mallakar hukumar birni ce, kuma a wancan zamani ɗalibin da ya ci jarrabawar shiga ba ya biyan kuɗin karatu. 'Ya'yan teloli da 'ya'yan baƙin haure da suka bi ta irin waɗannan kwalejoji na New York sun cika jami'o'in Amurka daga baya. Mai karatu daga kudancin Katsina zai fi kowa sanin darajar makarantar kimiyya ta gwamnati, domin a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ne 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a daren 11 ga Disamba, 2020. Irin wannan makaranta ce ƙofar da ɗan talaka ke bi ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, a can da nan.

Daga Brooklyn ya wuce Jami'ar New York, inda ya sami digirin digirgir a fannin fiziya a tsakiyar shekarun 1950. A 1961 ya koma Jami'ar Jihar Michigan, aka kafa sabon sashe da shi, wanda aikinsa shi ne duba halittu masu rai da idon masanin fiziya. A nan ya yi sauran rayuwarsa ta aiki.

Abin da ya ja hankalinsa hoto ne. Duk wanda ya taɓa barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda ya sa mayen ƙarfe a ƙarƙashi ya ga yadda garin ke jeruwa layi-layi, ya lanƙwasa daga wannan kai zuwa wancan. Rosenberg ya lura cewa idan ƙwayar halitta za ta rabu gida biyu, zaruruwan da ke bayyana a cikinta suna yin irin wannan jeri. Sai ya tambayi kansa ko lantarki na da hannu a rabuwar. Masana ilmin halittu ba su ɗauki wannan tunani da muhimmanci ba, kuma gaskiyarsu ce, domin kamar da ke tsakanin hotunan biyu ta ido ce kawai. Amma tambayar ta isa ta sa a haɗa na'ura.

Na'urar wani mazubi ne da ake renon ƙwayoyin halitta a cikin ruwan abinci, da sanduna biyu da ke kai wutar lantarki cikin ruwan. An zaɓi filatinam don yin sandunan saboda kowane littafin kimiyya ya ce ƙarfe ne mai taurin kai, ba ya tsatsa, ba ya narkewa, ba ya shiga sha'anin wasu sinadarai. Niyyar ita ce a yi gwajin da ƙwayoyin jikin dabba, amma don a tabbatar na'urar na aiki sai aka fara da bakteriyar E. coli, wadda ke rayuwa a hanjin mutum. Loretta VanCamp, ƙwararriyar da ke kula da ɗakin gwajin, ita ta ɗebi ruwan ta duba a madubin ƙara girma bayan an kunna wuta. Bakteriyar da aka saba gani gajeru kamar ƙwayar shinkafa sun zama dogaye kamar taliya, wasu har ninki 300 na tsawonsu. Suna ci suna girma, amma sun kasa rabuwa. Da aka kashe wutar, bayan wasu sa'o'i sai suka ci gaba da rabuwa kamar da.

A nan ne halin mutumin ya fito. Sakamakon ya yi daidai da abin da yake fata, kuma da ya so da ya ruga ya buga takarda cewa lantarki na hana rabuwar ƙwayar halitta. Maimakon haka sai ya shiga neman abin da zai ƙaryata shi. An canza ƙarfin wuta, an duba zafi, an duba tsamin ruwan, an cire wannan an saka wancan, aka shafe watanni ana yi. Daga ƙarshe wani ɗalibi mai nazarin sinadarai, Thomas Krigas, ya taimaka aka gano cewa wutar tana zaizayar ɗan filatinam kaɗan daga jikin sandunan, shi kuma yana haɗuwa da gishirin amoniya da kulorin da ke cikin ruwan abincin. Abin da wannan haɗuwa ta haifar shi ke ɗaure bakteriyar. Wato ƙarfen da aka zaɓa don ba ya taɓa komai, shi ne mai laifin. Sun buga wannan a mujallar Nature a 1965.

Da aka ci gaba da tacewa sai aka tarar cewa sinadarin ba sabo ba ne. Wani Ba'italiye, Michele Peyrone, ya haɗa shi tun 1844, har ana kiran sa gishirin Peyrone. A 1893 Alfred Werner na birnin Zurich ya bayyana yadda siffarsa take, a cikin aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1913. Fiye da shekara 120 yana ajiye a kan kantocin ɗakunan gwaji, ɗalibai na haddace shi don jarrabawa, ba wanda ya yi tunanin gwada shi a jikin mai rai.

Siffar tasa kuwa ita ce sirrin duka. Ƙwayar zarra 11 ce kacal a cikinsa. Filatinam na zaune a tsakiya da hannaye huɗu a shimfiɗe, biyu riƙe da amoniya, biyu riƙe da kulorin. Idan kulorin biyun suna maƙwabtaka a gefe guda, shi ne cisplatin. Idan suna fuskantar juna daga ɓangarori biyu, sunansa transplatin, kuma duk da cewa kayan haɗinsu ɗaya ne, wannan na biyun ba ya maganin sankara. A cikin jini gishiri na da yawa, saboda haka maganin yana riƙe da kulorin ɗinsa, yana tafiya salin-alin. Da zarar ya shiga cikin ƙwayar halitta, inda gishirin ya yi ƙaranci, sai ya saki kulorin, hannaye biyu su zama a sake suna neman abin kamawa. Abin da suka fi so su kama shi ne DNA, doguwar igiyar nan mai kama da tsanin da aka murɗa, wadda ke ɗauke da rubutun gadon halitta da haruffa huɗu. Filatinam yakan damƙi harafin G guda biyu da ke jere a igiya ɗaya, ya matse su, tsanin ya tanƙware a wurin. Ƙwayar da ke son rabuwa dole ta kwafi wannan rubutu tukuna, kuma idan ta zo gaɓar da ta tanƙware sai aikin ya tsaya. In ta iya gyarawa ta tsira, in ta kasa sai ta kashe kanta. Ƙwayoyin sankara suna rabuwa ba ƙaƙƙautawa, wasunsu kuma ba su iya gyara ba, shi ya sa suka fi jin jiki. Yawancin wannan bayani ya fito ne daga baya, musamman daga aikin Stephen Lippard da ɗalibansa. Rosenberg ya ga maganin na aiki tun kafin kowa ya san dalili.

Tunaninsa mai sauƙi ne: abin da ya hana bakteriya rabuwa, ƙila ya hana ƙwayar sankara. A 1968 suka dasa wa ɓeraye wani nau'in ƙari da ake kira sarcoma 180, suka yi musu allurar sinadarin. Idan an zuba da yawa ɓeran ya mutu, idan an daidaita sai ƙarin ya motse, a jikin wasu ma ya ɓace gaba ɗaya, har da waɗanda aka bari ƙarin ya yi girma kafin a fara. Sakamakon ya fito a Nature a 1969, da sunayen Rosenberg da VanCamp da James Trosko da Virginia Mansour.

Likitoci ba su yi tsalle ba. A saninsu ƙarfe mai nauyi guba ne, dangin dalma da zaiba, kuma kusan duk magungunan sankara na lokacin daga tsirrai ko sinadaran da ba na ƙarfe ba aka samo su. Wanda ya kawo zancen ma baƙo ne a fagen. Rosenberg ya yi ta yawo da sakamakonsa yana lallashi, har Cibiyar Nazarin Cutar Daji ta gwamnatin Amurka ta gwada sinadarin a nata ɓerayen ta ga abin da ya gani. A farkon shekarun 1970 aka fara ba mutane.

Tsoron likitocin bai zama banza ba. Maganin yana lalata ƙoda, yana rage ji, yana sa hannu da ƙafa su mutu, ga amai mai tsanani wanda har wasu majinyata suka gwammace su bar jinyar. Saura ƙiris a jingine shi. Abin da ya cece shi dabara ce mai arha: likitoci a New York, cikinsu har da Esteban Cvitkovic, suka nuna cewa idan aka ɗura wa majinyaci ruwa mai yawa ta jijiya, aka ba shi abin da zai sa shi fitsari sosai, ƙodar takan tsira. Maganin amai mai ƙarfi kuwa sai wajen 1990 ya samu.

A 1974 wani matashin likita a Jami'ar Indiana, Lawrence Einhorn, ya haɗa cisplatin da wasu magunguna biyu, vinblastine da bleomycin, ya ba samarin da sankarar 'ya'yan maraina ta bazu a jikinsu. Kafin wannan lokaci, cikin goma da wuya a sami fiye da ɗaya da ya tsira idan cutar ta kai huhu. Hotunan ƙirjin da a da suke cike da tabo suka dawo fes cikin 'yan makonni. A yau ana warkar da kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda cutar ta bazu a jikinsu, fiye da kashi 90 kuma idan aka haɗa da waɗanda aka gano da wuri. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da cisplatin a watan Disambar 1978, shekara 13 bayan takardar farko.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika son yi ba idan ana yabon masana. An yi wa maganin rajistar mallaka, kamfanin Bristol-Myers ya sayar da shi da sunan Platinol, Jami'ar Jihar Michigan kuma ta yi shekaru tana karɓar miliyoyin daloli na kason ta, waɗanda ta zuba a wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin bincike har yau. Shi ma Rosenberg ya sami rabonsa, ya kafa cibiyar bincike tasa mai suna Barros a garin Holt. Ɗakin gwajinsa, tare da kamfanin Johnson Matthey da masana a Landan, ya fitar da carboplatin, ƙanin cisplatin wanda ya fi sauƙi ga ƙoda, aka amince da shi a Birtaniya a 1986, a Amurka a 1989. Na ukunsu, oxaliplatin, wanda ake ba masu sankarar hanji, Yoshinori Kidani ne ya haɗa shi a Japan a 1976.

Shi kansa ƙarfen daga ƙasar Afirka ake tono mafi yawansa. Kusan kashi 70 cikin 100 na filatinam da duniya ke haƙowa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. A mahaƙar filatinam ta Marikana ne 'yan sanda suka harbe ma'aikata 34 masu yajin aikin neman ƙarin albashi ranar 16 ga Agusta, 2012. Abin da ke tafiya harkar magani ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na motoci da kayan ado, amma hanyar ɗaya ce: a tono a Afirka, a tace a sarrafa a wani wuri, ya dawo a kwalba da farashin dala.

Rosenberg ya yi ritaya daga jami'a a 1997. Ya sami lambobin yabo, ciki har da kyautar Kettering a 1984, amma bai sami Nobel ba. Ya rasu ranar 8 ga Agusta, 2009, yana da shekara 82. Loretta VanCamp, wadda idonta ne ya fara ganin dogayen bakteriyar, ta riga shi da shekara uku, kuma sunanta bai yi yawon da nasa ya yi ba.

Ƙofar da ya buɗe ba ta rufu ba. An haɗa dubban sinadaran filatinam an gwada, uku ne kawai suka sami karɓuwa a duniya baki ɗaya, sai wasu 'yan kaɗan da ake amfani da su a Japan da Sin da Koriya ta Kudu. Matsalar biyu ce: maganin ba ya bambanta DNA na lafiyayyar ƙwaya da na mai cuta, sannan sankara takan koyi kare kanta daga gare shi. Don haka masu bincike suka koma kan wasu ƙarafa kamar ruteniyam da zinare, suna kuma neman wuraren da igiyar DNA ke yin wata siffa ta daban. Akwai inda haruffan G ke taruwa huɗu-huɗu su yi faifai, faifan su hau kan juna, musamman a ƙarshen igiyar da kuma kusa da wasu sassan da ke ingiza sankara. Ana ƙera sinadaran ƙarfe masu faɗi da za su kwanta a kan wannan faifai su danne shi. Yawancin wannan aiki yana ɗakin gwaji har yanzu.

Sankarar maraina, wadda ta yi wa maganin suna, ba ta yawaita a tsakanin baƙar fata. Inda cisplatin ya shafi ƙasar Hausa shi ne sankarar mafitsara, wadda ke da alaƙa da tsargiya, da ta wuya da maƙogwaro, da ta ƙwan mace, sannan uwa uba sankarar bakin mahaifa. A watan Fabrairun 1999 Cibiyar Nazarin Cutar Daji ta Amurka ta sanar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyar, waɗanda suka nuna cewa haɗa cisplatin da gashin na'ura yana rage haɗarin mutuwa daga wannan cuta da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. A ƙiyasin shekarar 2020, mata kusan 12,000 ne ke kamuwa da ita a Nijeriya duk shekara, kusan 8,000 kuma ke mutuwa.

Wa'adin mallakar maganin ya ƙare tun shekarun 1990, kamfanonin Indiya da wasu ƙasashe suna yin sa da arha, yana kuma cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Arhar ma ta yi yawa har masu yin sa suka ragu, shi ya sa da wata masana'anta guda a Indiya ta dakatar da aiki, asibitocin Amurka kansu suka shiga ƙarancinsa a 2023.

Ga matar da ke wani ƙauye a Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, kwalbar ce abu mafi sauƙi a cikin lissafin. Sai an fara samun wanda zai duba ta ya gane cewa jinin da take zubarwa ba na al'ada ba ne. Sai an yanki tsoka an kai ɗakin gwaji. Kafin kowace allura sai an auna ƙoda da jini, a ranar allurar kuma sai an ɗura mata ledojin ruwa, dabarar nan ta shekarun 1970 wadda in babu ita maganin guba ne. Gashin na'ura kwana biyar ne a mako, har mako biyar ko shida, kuma tsallake kwanaki yana rage amfaninsa. Ma'ana dole ta bar gida ta tare kusa da asibiti, da mai jinya, da kuɗin abinci da na makwanci. Shekara da shekaru inda mutanen wannan yanki suka fi dosa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ta hanyar Funtuwa. Waɗannan ƙananan hukumomi uku kuwa suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba, inda manomi ke sayar da gona don biyan kuɗin fansa, suna kuma cikin 13 da aka katse wa layukan waya a watan Satumbar 2021. Gidan da ya biya fansa a bara ba shi da abin sayarwa a bana idan uwar gida ta kwanta.

An ɗan motsa. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Shika na cikin asibitoci shida da aka fara da su. An shigar da rigakafin ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa, cikin alluran da ake yi kyauta a watan Oktoban 2023, ya iso Katsina a zagaye na biyu a 2024, ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. A watan Yulin 2025 aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da irinta a Inugu da Benin. Yanke ƙyalle ranar buɗewa abu ne mai sauƙi. Abin da ya kamata 'yan jarida da matasan jihar su riƙa bibiya shi ne kwana nawa na'urar ta yi tana aiki a wata, nawa ake cajin majinyaci, da kuma mutum nawa daga kudancin jihar suka fara jinya suka kai ƙarshenta.

Abin da ake ba mace mai matsakaicin jiki a kowane mako bai wuce miligiram 60 na cisplatin ba. Idan ta samu ta kammala mako shida, duk filatinam ɗin da ya shiga jikinta bai kai rubu'in giram ɗaya ba.